Uwar Ƙullun Inna da Kifin Rafin Ɗinya

Turawa, Karaye.
Tsakiyar damina.

Zuwa ga ƙanena Zaharaddini,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da Zaituna da 'yarku mai sunan Inna. Yaya karatu, yaya baƙunta, yaya ruwan saman Malesiya da ka ce ba ya ɗaukewa? Allah ya ba da sa'a, ya sa a gama lafiya, ya dawo mana da ku cikin aminci. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta kankama, gero ya kai gwiwa, gyaɗa ta rufe ƙasa. Maigidana Malam Sulle yana can yana fama da maimai, ya ce in gaishe ka da kyau. Ƙanwarmu Hamida ta sauka a Yola makon jiya, namiji ne, uwa da ɗa lafiya. Baffa Liti ma da sauƙi, ƙafar ce dai take matsa masa idan gari ya yi sanyi, amma bakin nan nasa yana nan daram, ko kwabo bai ragu ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga Yaya Barira a wannan zamani na waya. To, sau uku ina danna wayar in yi maka saƙon murya, sau uku murya tana ƙin fita. Kai kuma na san halinka, da ka ji na fara shessheƙa za ka kira ka dame ni da tambaya kamar alƙali. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, in sa a cikin ƙunshin da abokinka Zubair zai taho maka da shi, ka karanta a tsanake. Maganar saƙon da ka ba ni ce tun kafin azumi, ta uwar ƙullun Inna. Na yi ta ce maka gobe, jibi, ana nan ana shiri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau zan faɗa maka abin da ya riƙe ni.

Ka dai tuna tukunyar, baƙar nan mai tsaga a baki da ke bayan ƙofar ɗakin Inna. A cikinta take ajiye ragowar ƙullun waina mai tsami, wanda take kira uwa. Kullum da yamma ta ɗebi ludayi ɗaya ta zuba a sabon ƙullu don ya tashi, da safe kuma kafin ta ɗora tanda ta mayar wa tukunyar da ludayi ɗaya daga sabon. Haka aka yi ta yi, ba fashi, tun ranar da aka kawo ta gidan Baba amarya da tukunyar a cikin kayanta, don ita ma a hannun tata uwar ta karɓa. Shekara hamsin da wani abu ke nan. Da ita aka saya maka littafi da takalmin makaranta, kada digiri ya sa ka manta. Kai ne mai zama a gindin murhu da ƙwarya kana jiran ta farko da ta ƙone a gefe, kana cewa taka ce. Ranar da Inna ta ji jikin ya ƙi, bara war haka, ba ta yi mini wasiyyar akuya ko zannuwa ba, sai ta kama hannuna ta ce kada in bar uwa ta kwana da yunwa. Ba ka nan, Dini, kuma ban taɓa gaya maka wannan ba, don na san rashin zuwanka jana'izar yana cin ka.

Da ka aiko kana cewa in busar maka da kaɗan a farin ƙyalle in aiko, wallahi dariya na yi har da hawaye. Na ce ikon Allah, mutum ya tsallake teku da jirgin sama don ya karanci abin da ke bayan ƙofar uwarsa! Amma na saurari bayanin naka har sau biyu. Ka ce abin da ke tayar da ƙullu wasu halittu ne ƙanana masu rai da ido ba ya gani, dangin yis ɗin nan na kanti, sai dai na kowane gida da irin nasa. Ka ce ku a can kuna tatsar abubuwa masu amfani daga jikinsu, wani a haɗa a abincin kifi ya ƙara masa ƙarfin jure cuta, wani kuma kuna gwadawa ko zai kama dafin da ke cikin ruwa ya kwantar da shi, kamar yadda alif ke kwantar da laka a randa. Ka ce wa ya sani ko na Inna, da ya daɗe haka yana raye, yana da abin da na wasu ba su da shi. A ranar ban ɗauki maganar dafin ruwa da wani nauyi ba. Na ɗauka zancen 'yan boko ne.

Yanzu bari in kai ka Rafin Ɗinya, don a can abin ya faru. Ban san yadda kake tuna shi ba, amma ni idan na rufe ido ina ganinsa yadda yake muna yara. Ruwa garai-garai har kana hango karfasa tana wulgawa a kan yashi, bado ya rufe gefen gurbi da fararen furanni, muna tsinko 'ya'yansa muna ci har cikinmu ya ƙulle. Zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya, kwaɗi kuwa da damina ba sa barin mutum ya ji kiran sunansa. Ka tuna ranar su, wato kamun kifin gari, idan ruwa ya ja baya aka yi shela, gari duka ya faɗa gurbi da koma da gora, Baffa Liti a gaba yana kirari? Ka tuna ranar da kurungu ya soke ka a tafin hannu, ka yi ta ihu kana cewa maciji ne, Baffa ya ɗauke ka a wuya har gida yana yi maka waƙar ragwanta? A ranar Inna ta yi miyar kifi da waina, ka ci takwas da hannun hagu, na ƙirga.

To, wannan rafin ba shi ne yanzu ba, kuma ba dare ɗaya ya lalace ba. Tun da noman rani ya bunƙasa aka share bakin rafin kaf aka dasa tumatir da albasa da attaruhu har cikin ruwa. Alhamdu lillahi, an samu, ba zan yi butulci ba, da kuɗin tumatir muka yi rufin kwano. Amma ciyawa yanzu ba mai sunkuya mata da fartanya, sai feshi. Tsutsa feshi, ƙwaro feshi, ganye ya yi ɗigo feshi, ga takin zamani buhu-buhu. Idan an gama, a gangara rafi a wanke tankin feshin, a jefar da kwalbar maganin a nan. Ba wasu baƙi ne ke yi ba, mu ne, har da Malam Sulle, na faɗa masa a gaban idonsa kuma ga shi na rubuta. Da farko bado ne ya ɓace, gansakuka ta maye gurbinsa, kore shar mai wari. Sai kifin kawara ya daina zuwa. Sai aka wayi gari shekara uku ba a yi su ba, don ba abin da za a kama. Baffa Liti ya yi faɗa har ya gaji, ana ce masa tsoho ya cika mita. Mu mata kuwa tunda aka yi mana famfon burtsatse muka daina zuwa ɗiban ruwa, ba mu ma san halin da rafin ke ciki ba.

Saura abu ɗaya da ke kai macen gidanmu rafi, kai ma ka san shi. Duk shekara, ranar da rafi ya fara kawo ruwan sabuwar damina, Inna takan ɗauki tulu da kanta ta je ta ɗebo, ta bar shi ya kwanta, ta dama sabon gari da shi ta ciyar da uwa. Takan ce uwa ma tana son ta sha sabon ruwa kamar kowa, shi ke sabunta mata ƙarfi. Shekarun ciwonta biyu ba ta samu zuwa ba, ta haƙura da na famfo. Ni kuwa bana, damina ta farko da tukunyar ke hannuna, na ce wallahi sai na yi yadda Inna ke yi, kuma daga wannan sabon zan busar maka, ka samu mai ƙarfi. Aka yi ruwa mai yawa ranar wata Talata, Laraba da hantsi na ɗauki tulun nata na tafi. Na ga ruwan da wata kumfa fara a gefe, na ji wani ɗan wari kamar na shagon masu maganin gona, amma sai na ce ai sabon ruwa ba ya rasa datti. Na ɗebo, na tace, na dama. Kuma don ganin ido na son in yi abin kirki, ban raba uwar biyu na ajiye rabi ba, na juye mata gaba ɗaya.

Washegari na buɗe tukunya, shiru. Ka san yadda take yi idan tana lafiya, ta kumburo da 'yan idanu tana ƙara ƙasa-ƙasa, ƙamshin tsaminta ya bugi hanci. Wannan karon ta kwanta lakaf, ruwa ya tsaya a kai, ba ƙamshi sai wani wari mai ɗaci. Ina tsaye da murfi a hannu sai na ji hayaniya ta bayan gari. Na yafa mayafi na bi mutane. Dini, Allah kada ya nuna maka abin da na gani. Daga gada har gurbi kifi ne a kan ruwa, ciki sama, fari fat. Karfasa, kurungu, 'yan tarwaɗa, har kwaɗi. Ashe akwai sauran kifi haka a rafin, sai da suka mutu muka san yawansu. Ruwan farkon ya wanke duk abin da aka fesa tun rani, da kwalaben da aka zubar, ya tattaro ya zuba musu. Wasu har sun kawo kwanduna za su kwasa su yi banda, Baffa Liti ya tsaya a gabansu da sandarsa, ya rantse duk wanda ya kai kifin nan bakin 'ya'yansa sai dai ya bi ta kansa. Shi ya sa aka haƙa rami aka binne su. Da aka gama ya zauna a gindin ɗinyar, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar rasuwar Baba, ya rufe fuska da hula.

Na koma gida na yi ta fama da tukunyar kwana huɗu. Na zuba sabon gari, na sa ta a rana, na lulluɓe ta da zanen Inna, na yi addu'a, ko motsi. Ko dafin ne ya kashe ta, ko wani abu daban, kai ne masani ka faɗa mini, amma ruwa ba ya tsami banza. Malam Sulle ya binne ƙullun a bayan gida don kada kaji su ci, bai iya haɗa ido da ni ba. Na yi kuka, Dini, kukan da ya fi na ranar jana'iza, don a ranar na san ba ni na yi ba. Abin da ya rayu shekara hamsin a hannun Inna, ya kasa shekara ɗaya a hannuna. A kwanakin ne kake ta aiko da saƙo kana tambayar ina aka kwana, ni kuma ina ce maka ana shiri.

Baffa Liti ne ya tuna mini da abin da na manta, ko in ce abin da na ƙi tunawa. Ya ce ai Sabuwa, wato Inna, ba ta taɓa aurar da yarinya a unguwar nan ba ta sa mata ludayin uwa a 'yar tukunya cikin kayan gara ba, in je in bi sawu. Na fara da kiran Hamida a Yola, ta ce Yaya ki yi haƙuri, tata ta mutu tun haihuwarta ta fari. Na je wajen Munawwara a cikin Karaye, ta nuna mini ledar yis na kanti, ta ce wa ke da lokacin renon tukunya yanzu. Gida shida na shiga, labari ɗaya. Saura mutum ɗaya, kuma ka san ko wace ce: Turai, 'yar maƙwabtanmu da aka kai Rogo Sabon Gari. Kana ƙarami lokacin, amma ka ji labari. Ranar da Inna ta ba ta uwa, ta kuma koya mata hannun ƙullun kaf, na tayar da ƙura a tsakar gida, na ce Inna tana rabar da abincinmu ga bare, gobe Turai za ta kafa tanda ta kashe mana kasuwa. A gaban Turai na faɗa, tana cikin lalle. Inna ba ta ce mini komai ba sai cewa alheri danƙo ne. Shekara ashirin da shida ke nan, ko a biki muka haɗu gaisuwa ce ta fatar baki.

Kwana biyu ina juya abin a raina, girman kai yana cewa zauna, wasiyyar Inna tana cewa tashi. Ranar Asabar na hau mota zuwa Rogo. Tun daga bakin layinsu, kafin in tambayi gidan, hancina ya gaya mini. Ƙamshin wainar Inna ne, shi ɗin dai, ba kama ba. Na same ta a gaban tanda, ta yi furfura kamar ni. Na shirya jawabi tun a mota, amma da ta ɗago ta ce lale da Yaya Barira, sai na fashe da kuka a gaban masu sayen waina, babba da ni. Ta ja ni ɗaki, na faɗa mata komai, na kuma roƙe ta gafarar maganar da na yi. Ta ce ita ta daɗe da yafewa, ai ƙuruciya ce. Ta jawo 'yar tukunyar da Inna ta ba ta, ita ce dai har yau, ta buɗe, ga uwa tana numfashi. Ta ce da ita ta rayar da marayunta biyar bayan rasuwar mijinta, kuma kullum ta ɗora tanda sai ta yi wa Inna addu'a. Ruwan rijiyar gidanta take ba ta. Ta cika mini kwano har yana zuba, ta ce ba kyauta ba ce, ajiyar Inna ce ta dawo gida. Na rungume kwanon a cinya har Turawa, kwandasta yana ta tsokanata wai ko zinare na ɗauko.

Yanzu uwa tana bayan ƙofa a tukunyarta, tana tashi har tana ture murfi. Na raba ta gida huɗu a unguwa, na kai wa Hamida tata, wannan karon da hannuna, ba wanda ya roƙe ni. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Taka ce a cikin ƙunshin nan, na shafa a farin ƙyalle na busar a inuwa yadda ka ce, na sa a kwalba mai murfi, Zubair ya ce takardar izinin da makarantarku ta aiko tana hannunsa. Malam Sulle kuma ya haƙa rami a can nesa da rafi inda yake wanke tankinsa, ya jawo mutum uku sun bi shi, mai unguwa ya yi magana a masallaci. Sauran suna cewa sai a hankali. Ban ce an gyaru ba, har jiya na ga kwalba a bakin gada.

Saura maganar Baffa, kuma ita ce ta sa na ce sai takarda. Ranar da na dawo daga Rogo na kai masa wainar farko, ya ci, sannan ya ce ƙullu ya yi sa'a, ya sami wanda ya ajiye masa iri, rafi fa, wa ya ajiye masa? Kwana biyu bayan nan aka neme shi aka rasa. Ashe da wannan ƙafar tasa ya ja jiki da sanda da tsohuwar komarsa har can saman rafi, sama da gonakin, inda wani ɗan kududdufi yake. Ya dawo da la'asar jiƙe da laka, da 'yan tarwaɗa bakwai kamar yatsa a cikin gora. Ya sa na fito masa da babbar randar Inna, ya zuba su a ciki a ƙofar ɗakinsa. Kullum yana canza musu ruwa daga famfo, yana ba su dusa da gara, yana yi musu hira. Ya ce jikokin kifin Rafin Ɗinya ne, kuma ba zai mayar da su ba sai Zaharaddini ya zo da kansa ya auna ruwan ya ce ya yi. Na ce Baffa, karatun nan da saura, kuma shi kansa bai ce ya samo maganin ba, gwaji suke yi. Ya ce shi dai yaron da ya ɗauka a wuya ba zai ba shi kunya ba, zai jira.

Dini, ban rubuto don in ɗora maka abin da ya fi ƙarfinka ba. Na san rafi ba ya wankuwa da ludayin ƙullu, kuma mu da muka ɓata mu ne za mu fara daina ɓatawa. Amma ka duba abin nan na Inna da kyau, in akwai wani alheri a cikinsa ka fito da shi. In kuma babu, ka zo hakanan da na'urar awon ruwanka, ka tsaya a gindin ɗinya ka faɗa wa mutanen garinku gaskiya, kai za su ji maganarka fiye da ta tsoho da ta mace. Baffa ya haura tamanin. Kifin suna girma, randar tana yi musu kaɗan, shi kuma kullum raguwa yake. Inna ta tafi ba ka nan, kada ka bari a yi biyu.

Ka gaishe mini da Zaituna da kyau, ka ce in ka ɗebi na bincikenka ta jiƙa sauran da ruwan ɗumi da garin shinkafa ta tayar da ita, ta yi wa yarinyar nan waina ta ɗanɗana hannun mai sunanta. In akwai wata 'yar ƙasarmu kusa da ku, ku ɗiba ku ba ta, kada ku yi irin tawa ku ajiye a tukunya ɗaya. Ka shafa mini kan Inna ƙarama. Malam Sulle da Hamida da maigidanta Lukumanu da Munawwara duk suna gaisuwa. Turai ta ce in gaishe da mai cin ƙonanniyar waina. Baffa Liti kuwa na tambaye shi saƙonsa, ya ce ba shi da gaisuwa, in dai faɗa maka yau da safe ya ƙirga, har yanzu bakwai ne.

Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka Barira.